Tufi Zabiya: Yadda Ake Gane Shi da Dalilin Ƙarancinsa a Kasuwar Kifin Ado

1. Gabatarwa



Abin da za mu tattauna a kansa yau shi ne wani kifi wanda masuntanmu suka sani da sunan tufi, musamman ma irin wanda ake ƙyanƙyashe shi babu baƙi ko ɗigo a jikinsa, watau zabiya. A ƙasashen Asiya, inda mafi yawan dangin wannan kifi suke, kiwonsa a cikin akwatin gilashi domin ado ya zama babbar sana'a, kuma a cikin wannan sana'a da wuya a sami kalmar da take ɗaga kuɗin kifi kamar a ce da shi zabiya. To, duk inda kalma ta zama kuɗi, ba a rasa masu yi mata ƙari. Saboda haka tambayoyi biyu ne a gabanmu. Ta farko, yaya za a rarrabe zabiya na gaskiya da kifin da yake fari kawai? Ta biyu, me ya sa zabiya ya yi ƙaranci a cikin wannan dangi, alhali kuwa a wasu kifayen adon ya zama ruwan dare?

2. Tufi da Danginsa

Kafin mu shiga maganar launi, ya kamata mu san kifin kansa. Masana halittu suna kiran danginsa Channidae, kuma sun kasa shi gida biyu. Gida na farko shi ne Parachanna, na Afirka, mai iri uku kacal. A cikinsu akwai Parachanna obscura, wanda Günther ya bayyana wa masana a 1861, shi ne tufinmu na kogin Kwara da Binuwai da yankin Tafkin Cadi, tsawonsa yakan kai kamar rabin mita. Gida na biyu shi ne Channa, na Asiya, mai iri kimanin 50, waɗanda suka bazu tun daga Indiya har ƙasar Sin da tsibiran Indunusiya. Domin sauƙin magana, a cikin wannan lacca za mu kira su duka da sunan tufi.

Kamanninsa ba su da wuyar ganewa. Jikinsa dogo ne mulmulalle, kansa a baje yake, an lulluɓe shi da manyan ɓamɓaroki irin na kan maciji, shi ya sa Turawa suke kiransa da sunan da ke nufin mai kan maciji. Yana da dogon fiffike a gadon baya da wani a ƙarƙashin ciki, kuma babu ƙaya a cikinsu. Yana da wani gurbi a cikin kansa wanda yake ajiye iskar da ya shaƙo daga saman ruwa, don haka yana rayuwa a kududdufin da wasu kifaye za su mutu. Mafarauci ne, amma ba ya bin abin farauta da gudu. Kwanton ɓauna yake yi a cikin ciyawa har abinci ya iso bakinsa. Wannan hali nasa a riƙe shi, domin za mu komo gare shi.

Girmansu ya bambanta ƙwarai. Akwai ƙanana, kamar Channa bleheri na jihar Asam ta Indiya, wanda aka bayyana a 1991, tsawonsa bai fi taki guda ba. Akwai kuma ƙato, Channa micropeltes, wanda mutanen Malesiya da Indunusiya suke kira toman, yana wuce mita guda.

3. Me Ake Nufi da Zabiya?

A Hausa kalmar zabiya tana da ma'ana biyu: mace mawaƙiya, da kuma mai rai wanda aka haifa babu baƙi a fatarsa. Ma'ana ta biyu ce ta shafe mu. Baƙin da ke jikin mutum da dabba da kifi wani sinadari ne da ake kira melanin. Jiki ne yake sarrafa shi, kuma aikin ba ya yiwuwa sai da taimakon wani sinadarin mai suna tirosines. Idan ƙwayar gadon da ke umurtar jiki ya yi wannan aiki ta sami tangarɗa, sai melanin ya gagara samuwa, a fata da kuma cikin ido. Iyakar abin ke nan. Babu aljani a ciki, babu baki ko sammu, ko a kifi ko a ɗan Adam.

Sai dai akwai wani bambanci tsakanin kifi da mutum wanda yake da muhimmanci a gare mu. Launin fatar mutum kusan duka daga melanin yake. Shi kuwa kifi yana da ƙwayoyin launi iri-iri a fatarsa: akwai na baƙi, akwai na ruwan ɗorawa, akwai na ja, akwai kuma masu walƙiya kamar azurfa. Zabiyanci na baƙin kaɗai yake taɓawa, sauran suna nan suna aikinsu. Saboda haka kifi zabiya ba safai yake zama fari fat ba. Galibi yakan zama ruwan madara, ko ya ɗan yi ja-ja saboda jinin da ake hangowa ta cikin fata, kuma inda 'yan'uwansa suke da zanen baƙi, shi sai a ga zanen ya fito ruwan ɗorawa ko ruwan lemo. Abin lura a nan shi ne, kifin da ya fi kowane fari a kanti sau da yawa shi ne ba zabiya ba.

4. Fari Iri-iri

Hausawa ba su cewa farin doki ko baƙin doki su yi shiru; suna da kili, suna da akawal, suna da bidi, kowane launi da sunansa. Irin wannan rarrabewa muke bukata a nan, domin farin kifi ya kasu aƙalla kashi huɗu.

Na farko shi ne zabiya na gaskiya, wanda muka bayyana.

Na biyu shi ne wanda fatarsa fara ce amma idonsa baƙi ne wuluk. Ina ganin za mu iya aron kalmar kili mu ba shi. Dalilin wannan hali shi ne, ƙwayoyin launi na fata da na bangon ido na ciki ba asalinsu ɗaya ba. Lokacin da ɗan kifi yake cikin ƙwai, ƙwayoyin launi na fata suna tasowa ne daga wajen gadon baya su yi tafiya su bazu ko'ina, su kuwa na cikin ido a nan wurin suke tsira. Idan matafiyan suka kasa isa, ko suka kasa rayuwa, fata za ta yi fari, ido kuwa ya riƙe baƙinsa. 'Yan kasuwa sukan kira irin wannan da sunan filatinam, watau sunan wani farin ƙarfe mai tsada.

Na uku shi ne wanda ruwan ɗorawa ya rinjayi jikinsa, baƙin ya ragu amma bai ɓace ba. Shi ne ake tallarsa da sunan zinariya.

Na huɗu kuwa ba shi da alaƙa da gado sam. Lafiyayyen tufi yana iya tattara baƙin da ke cikin ƙwayoyin launinsa wuri guda, sai ya koɗe cikin 'yan mintoci. Tsoro yana sa shi haka, da wahalar tafiya, da ciwo, da zama a farin mazubi ƙarƙashin fitila mai ƙarfi. Wannan koɗewa ta ɗan lokaci ce, kuma ita ce ta fi jawo wa masu saye asara.

5. Hanyoyin Ganewa

Hanya ta farko, wadda ta fi kowace, ita ce duban ido. Amma a nan ma sai an yi hattara. Idon kifi yana da zobe, yana da kuma ƙwaya a tsakiya. Akwai tufin da zoben idonsa ja ne ko ruwan lemo a halittarsa, alal misali Channa marulius na Indiya, kuma shi ba zabiya ba ne. Abin da za a duba shi ne ƙwayar tsakiya. A wajen zabiya ja ce ko ja-ja, saboda babu baƙin da zai rufe jijiyoyin jinin da ke bayan ido. In ta kasance baƙa, magana ta ƙare, kome farin jikin.

Hanya ta biyu ita ce bin jiki a hankali, daga leɓe zuwa wutsiya, musamman bakin fiffike da saman kai. Ɗigon baƙi guda ɗaya ya isa shaida cewa jikin yana iya yin melanin.

Hanya ta uku ita ce gwaji da lokaci. A sa kifin a akwati mai baƙin yashi da duhuwar ciyawa, a rage haske, a bar shi ya huta kwana biyu ko uku. Wanda ya koɗe don wahala zai komo da launinsa. Zabiya da kili ba za su sauya ba. Haka kuma a dube shi da hasken rana, domin fitila mai launi tana iya sa baƙin ido ya yi kamar ja, balle kuma hoton da aka aiko ta waya, wanda ana iya gyara shi yadda ake so.

Hanya ta huɗu ita ce tambayar shekaru da asali. 'Ya'yan toman ja ne jawur da zane biyu baƙaƙe a tsawon jikinsu, sai sun girma launin ya juya. Wanda bai san haka ba yana iya ɗaukar launin ƙuruciya a matsayin abin mamaki. Mai kiwo na gaskiya kuwa zai iya nuna iyayen kifin, ko ya faɗi daga wane gida aka samo shi.

Akwai kuma wata matsala wadda ba a cika kula da ita ba. Yawancin mutane da zanen jiki suke gane irin tufi, to shi zabiya zanensa ya dushe. Ke nan bayan an tabbatar zabiya ne, sai a sake tambaya: zabiyar wane iri? A nan sai a koma ga ƙirar jiki, watau siffar kai, da girman ɓamɓaroki, da ƙidayar tsinkayen da ke cikin fiffiken baya, da kuma ko yana da ƙananan fikafikai biyu na ƙirji ta ƙasa, domin wasu irin, kamar Channa bleheri da Channa asiatica, ba su da su. Wannan tambaya ba ta masana kaɗai ba ce. Ɗan kifi mai tsawon yatsa yana iya zama irin da zai tsaya a taki guda, yana kuma iya zama toman wanda nan gaba babu akwatin gida da zai ɗauke shi.

6. Dalilan Ƙaranci

Dalili na farko yana cikin gadon kansa. Tun a 1866 Gregor Mendel ya buga sakamakon gwajin da ya yi da wake, inda ya nuna cewa akwai halayen gado masu rinjaye, akwai kuma masu ɓuya. Zabiyanci mai ɓuya ne. Kowane kifi yana karɓar ƙwayar gado biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma ba zai fito zabiya ba sai duka biyun sun zo da tangarɗar. In ɗaya ce kawai, launinsa daidai yake da na kowa, sai dai yana ɗauke da abin a ɓoye. Idan masu ɗauke da shi biyu suka haɗu, a cikin kowane 'ya'ya 4 ana sa ran 1 zabiya, 2 masu ɗauke da shi, 1 kuma babu kome. Mu ƙaddara, domin misali kawai, cewa a wani kogi kifi 1 cikin 100 ne yake ɗauke da shi. Haɗuwar irinsu biyu za ta auku sau 1 cikin 10,000, kuma kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu ne zabiya. Ke nan ɗan kifi 1 cikin 40,000.

Dalili na biyu shi ne, wannan ɗayan ma da ƙyar yake kai labari. 'Ya'yan tufi da yawa a garke suke yawo kusa da saman ruwa, iyaye suna gadinsu, kuma fari a cikin garke shi ne zalɓe yake fara gani. In ya tsira daga tsuntsu, ga raunin gani, domin idon da babu melanin haske yana damunsa, 'yan'uwansa sai su riga shi ga abinci, su fi shi girma, kuma tufi ba ya jin kunyar cin ƙaninsa. In ya girma, ga maganar kwanton ɓauna da muka ce a riƙe: mafaraucin da ake hangowa daga nesa da yunwa yake kwana.

Akwai tarihin da ya tabbatar da wannan, ko da yake ba na tufi ba ne, na wani ɗan'uwan tarwaɗa ne mai suna Clarias batrachus. A farkon shekarun 1960 'yan kasuwar kifin ado suka shigo da shi jihar Fulorida ta Amurka daga ƙasar Tailan, kuma yawancin waɗanda aka kawo zabiyoyi ne. A tsakiyar shekarun wasu suka kuɓuce suka shiga magudanan ruwa suka hayayyafa. Ba a daɗe ba sai aka ga jikokinsu na daji sun koma launin kakanninsu mai duhu. Daji ba ya raga wa fari.

Dalili na uku shi ne wahalar kiwo. A wasu kifayen ado, kamar oska da ƙananan kifayen nan da ake kira koridoras, zabiya ya yi araha, saboda an sami guda tun da daɗewa, an haɗa shi da danginsa, an kafa zuriya, yanzu gonaki suna fitar da su dubbai. Tufi ba ya ba da wannan sauƙi. Rarrabe namiji da mace yana da wuya, kuma in aka haɗa biyun da ba su yarda da juna ba, sau da yawa ɗaya yakan kashe ɗaya. Wanda ya mallaki zabiya guda ɗaya tilo yana cikin tsaka mai wuya: in ya haɗa shi da baƙi, yana iya rasa shi a dare guda; in an dace ma, 'ya'yan farko duk da launin daji za su fito, sai ya raine su sun balaga ya sake haɗa su kafin ya ga zabiya. A manyan irin wannan aikin shekaru ne, ga cin wuri, ga cin abinci. Bugu da ƙari, da yawa daga cikin irin da aka fi so a kasuwa daga daji ake kamo su, a Asam da Bengal ta Yamma da Myanmar da tsibirin Borneo.

Dalili na huɗu shi ne doka. A 2002 aka gano Channa argus, tufin arewacin Sin, yana hayayyafa a wani tafki a garin Crofton na jihar Maryland ta Amurka. Wani mutum ne ya sayo su da rai daga kasuwar abinci, daga baya ya sake su. Hukuma ta zuba guba a tafkin, kuma a watan Oktoba na shekarar aka haramta shigo da dukan dangin tufi Amurka da rai, har da ƙwansu, a ƙarƙashin Dokar Lacey. Duk da haka a 2004 aka same shi a kogin Potomac. A 2022 Tarayyar Turai ita ma ta saka wannan irin cikin jerin baƙin halittu masu ɓarna waɗanda aka hana kiwonsu da sayar da su. Dokar ba ta ware fari ba, domin kamar yadda muka gani a Fulorida, jikan fari baƙi ne.

Sa'an nan ga bukata. A Tailan farar dabba abar girmamawa ce tun zamanin da, har farar giwa ta zama alamar sarauta, kuma kalmar da suke siffanta ta da ita, ita ce suke siffanta kifi zabiya. A Indunusiya kuma, wajen 2020, sha'awar kiwon tufi ta bunƙasa ƙwarai har ana shirya gasa. Kaya kaɗan, masu nema da yawa, dole kuɗi ya hau.

7. Farin Tufin Kogin Jialing

Akwai misali guda wanda ya haɗa duk abin da muka faɗa. A lardin Sichuan na ƙasar Sin, a yankin kogin Jialing, akwai wani farin tufi wanda mutanen wurin suka daɗe da saninsa. A 1936 aka ba shi sunan kimurai, ana ɗaukarsa wani reshe dabam na tufin arewa. Binciken ƙwayoyin gado na baya-bayan nan ya nuna cewa Channa argus ne dai, launi kawai ya raba su. Ana yawan rubuta shi da sunan zabiya, amma wanda ya dubi idonsa zai ga baƙi ne. A bisa rabon da muka yi, kili ne. Abu na biyu, tun da aka gano hanyar kiwonsa, manoma a wajen birnin Neijiang suke noma shi a tafkuna domin abinci. Kifin da wani yake saye da tsada a wata ƙasa da sunan filatinam, a can miya ake yi da shi.

Daga nan za mu fahimci cewa ƙaranci iri biyu ne. Akwai ƙarancin irin kansa, kamar na Channa barca na kwarin Brahmaputra, wanda Hamilton ya bayyana tun 1822, wanda mazauninsa ƙanƙane ne, kuma yawan kamu yana iya cutar da shi. Akwai kuma ƙarancin launi, wanda yake ɗorewa ne kawai zuwa ranar da wani mai haƙuri ya kafa zuriya, domin zabiya biyu masu tangarɗa iri ɗaya in suka haihu, 'ya'yansu duka zabiyoyi ne, kuma tufi ɗaruruwa ko dubbai yake ƙyanƙyasa. Wanda ya zuba dukiyarsa a kan ƙaranci na biyun, ya sani cewa farashin yau ba lalle ne ya kai baɗi ba.

8. Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa ba kowane farin tufi ne zabiya ba, kuma ƙwayar ido, da rashin ɗigon baƙi, da gwajin kwanaki a cikin duhu su ne suke raba gardama. Mun ga kuma cewa gado mai ɓuya, da haɗarin daji, da wahalar kiwo, da doka su ne suka taru suka sa shi ƙaranci.

Mu ma wannan magana ta shafe mu ta fuska biyu. Nijeriya tana cikin ƙasashen da ake fitar da kifin ado daga kogunansu ta hanyar Legas, kuma tufi namu ne. In wata rana koma ta fito da farin tufi a Yawuri ko Baga, abin da ya fi shi ne a ajiye shi da rai a sanar da masana, kamar na cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke Sabuwar Busa, kada a yi gaggawar kai shi tukunya ko a jefar da shi don camfi. Ta ɗaya fuskar kuma, duk wanda ya sayo tufin Asiya, fari ko baƙi, in ya gaji da shi kada ya sake shi a kogi ko madatsar ruwa, domin ruwanmu mai ɗumi zai karɓi da yawa daga cikinsu, kuma ƙananan kifayen da masuntanmu suke dogara da su ne za su biya kuɗin.